Kafin ka sayi Being John Malkovich: faifan Amurka, na Ingila, ko haya ta intanet?

Faifan Being John Malkovich da masu tara finafinai suka fi yabawa, wato na kamfanin Criterion, ba zai kunnu a na'urar Blu-ray da aka kawo daga Ingila ko Dubai ba. Za ka saka shi, na'urar ta ɗan yi gurnani, sai allo ya nuno maka saƙon cewa shiyyar faifan, wato yankin duniyar da aka yi shi dominsa, ba ta dace ba. Kuɗin faifai da kuɗin aiko shi duk sun tafi. Saboda haka kafin a yi maganar wane bugu ya fi kyau, sai ka juya bayan na'urarka ka ga harafin shiyyar da aka rubuta a jikinta.

Amma tukuna, fim ɗin naka ne? An sake shi a 1999. Spike Jonze ne ya ba da umarni, Charlie Kaufman ya rubuta, kuma shi ne dogon fim na farko ga kowannensu. John Cusack ya fito a matsayin Craig Schwartz, mai wasan 'yar tsana da zare wanda sana'ar ba ta ciyar da shi. Ya samu aikin jera takardu a wani kamfani da ke hawa na bakwai da rabi na wani bene a New York, inda silin ya yi ƙasa har kowa ke tafiya a sunkuye. A bayan kabad ɗin takardu ya tsinci wata 'yar ƙofa. Duk wanda ya rarrafa ya shiga, sai ya samu kansa cikin kan ɗan wasan kwaikwayo John Malkovich, yana gani da idonsa yana ji da kunnensa. Minti 15 na cika, sai a tofar da shi a kwalbatin gefen babbar hanyar New Jersey. Craig da abokiyar aikinsa Maxine (Catherine Keener ce ta fito a wannan matsayi) suka mayar da ƙofar kasuwa, dala 200 kowane shiga. Cameron Diaz ce matarsa Lotte, an hargitsa mata gashi har da wuya ka gane ta. Malkovich kuwa shi ya fito da kansa. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni uku: darakta, rubutun labari, da mataimakiyar jaruma, wato Keener. Kaufman ya ci kyautar BAFTA ta rubutun labari.

Ba fim ɗin falo ba ne da za a kunna yara da iyaye na zaune. A Amurka an ba shi alamar R, wato ba na yara ba ne, a Birtaniya kuma 15, wato sai mai shekara 15 zuwa sama. Akwai wuraren kwanciya, akwai ashar, kuma babban ɓangare na labarin ya ta'allaƙa ne a kan mace da ta shiga jikin namiji tana soyayya da wata macen ta cikinsa. Wanda wannan zai dame shi, gara ya sani tun kuɗinsa na aljihu. Barkwancinsa ma ba irin na faɗuwa ƙasa da dariya ba ne. Yana farawa da raha, yana tafiya yana ƙara ɗaci, har inda miji ya kulle matarsa a kejin biri.

Wannan ne ya sa ga wanda bai taɓa kallonsa ba, haya ta intanet ita ce zaɓi na farko. A shagunan Apple TV da Amazon, ƙa'idar da aka saba ita ce kwana 30 kafin ka fara kallo, da awa 48 daga lokacin da ka danna kunnawa. Matsalarta biyu. Ta farko, samuwar fim ta danganta da ƙasar da asusunka yake, kuma tana sauyawa: abin da mai asusun Amurka ke gani ba lallai mai asusun Nijeriya ko Nijar ya gan shi ba, don haka ka bincika sunan fim ɗin a cikin asusunka kafin ka loda kuɗi. Ta biyu ita ce data. Tsawon fim ɗin kusan minti 113 ne. Da lissafin da aka saba na kimanin gigabait 1 a awa ga hoto mai matsakaicin kyau da gigabait 3 ga HD, kana buƙatar wajen gigabait 2 ko kuma kusan 6. Idan manhajar ta yarda a sauke, sauke shi gaba ɗaya kafin ka zauna. Dalili kuwa yana cikin yadda aka ɗauki fim ɗin.

Lance Acord, mai ɗaukar hoton, ya bar fim ɗin da duhu da gangan. Gidan Craig da Lotte kamar rami yake, hasken fitila kaɗan, dabbobi ko'ina. Ramin da ake bi a shiga kan Malkovich kuwa laka ce baƙa da duhu. Irin wannan hoto shi ne ya fi shan wahala idan aka matse fayil. Da netwok ya yi rauni, manhaja za ta rage ingancin hoto da kanta, kuma wurin da ya fara lalacewa shi ne baƙin: sai ka ga duhun ya rarrabu gida-gida kamar tabarma, ko ya yi layi-layi inda ya kamata ya narke a hankali. Fim mai hasken rana yana jure wannan, wannan kam ba ya jurewa. Shi ya sa ma faifan nan na kasuwa da ake cusa finafinai goma ko ashirin a ciki bai cancanci ko kallo ba. Ban da kasancewarsa satar fasaha, faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai biyu 8.5. Raba wannan gida ashirin ka ga abin da ya rage wa kowane fim.

Sai DVD na asali. Na farko ya fito a Amurka a 2000, kuma ana samunsa na hannu da araha. Yana da 'yan ƙarin abubuwa na raha irin na Jonze, har da wani shafi a jerin zaɓuɓɓuka da ke gargaɗinka cewa babu komai a ciki, ka shiga kuma ka tarar da gaske babu komai. Hotonsa layi 480 ne a bugun Amurka, 576 a na Turai. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ko ƙaramin allo inci 32 ba laifi. A kan inci 50 zuwa sama za ka ga laushin hoton, musamman a fuskokin 'yan tsanan Craig, waɗanda aka sassaƙa su da kamanninsa da na Lotte, kuma ganin wannan kamanni wani ɓangare ne na labarin. Shiyyoyin DVD shida ne: Amurka da Kanada 1, Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu 2, Nijeriya da Nijar da yawancin Afirka 5. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin ƙananan na'urorin DVD da ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa tambayar shiyya. Kwamfuta ce ke da tarko: sau biyar kacal take barin ka sauya shiyyar na'urar faifanta, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe. Akwai kuma wani abu da ke rikita mai saye. Idan ka ga kwalin bugun Turai ya rubuta minti 108 ko kusa da haka, ba yanke fim ɗin aka yi ba. Tsarin hoton Turai, wato PAL, yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim ya ƙara sauri da kashi 4 cikin ɗari. Kunne mai kaifi zai iya jin muryoyi da kiɗan Carter Burwell sun ɗan ɗaga.

Kada ka kuskura da faifai mai jan kwali da aka rubuta HD DVD. An fitar da fim ɗin a wannan tsari a 2007, Toshiba ta yi watsi da tsarin a farkon 2008, kuma ba na'urar Blu-ray ba, ba ta DVD ba, babu wadda za ta karanta shi. Arhar da ake yi masa ke nan.

Yanzu ga manyan bugu biyun, na Criterion na Amurka da na Arrow Academy na Ingila. Criterion ya fitar da nasa a watan Mayu na 2012, mai lamba 611 a jerin kamfanin, da Blu-ray da kuma DVD. An sake wanke hoton da amincewar Jonze, layi 1080, sauti DTS-HD mai tasha 5.1. Ƙarin kayan da ke ciki su ne dalilin sayensa. Akwai sharhin murya a kan wasu zaɓaɓɓun fitowa daga darakta Michel Gondry, wanda aka gabatar a matsayin aboki kuma abokin hamayyar Jonze. Ba irin sharhin darasi ba ne, rabinsa tsokana ce, kuma wanda ke neman bayanin yadda aka haska kowace fitowa zai ɗan ji an yaudare shi. Abin da ya fi amfani shi ne hirar Malkovich da ɗan barkwanci John Hodgman, da shirin bayan fage na Lance Bangs. An kuma saka gajerun finafinan nan biyu da ake gani guntu-guntu a cikin labarin: bidiyon gabatar da sababbin ma'aikata ga hawa na bakwai da rabi, da shirin talabijin na ƙarya a kan yadda Malkovich ya zama shahararren mai wasan 'yar tsana. Ɗan littafin da ke kwalin ma wasa ne, domin mai sharhin da aka ce ya yi hira da Jonze, Perkus Tooth, ƙirƙirarren mutum ne daga wani littafin ƙagaggen labari. Amma faifan a kulle yake a shiyyar A.

Shiyyoyin Blu-ray uku ne, kuma rabonsu daban da na DVD. A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ta ƙunshi Turai, Afirka, Gabas ta Tsakiya da Ostireliya. C ta kwashi sauran, irin su Indiya, Sin da Rasha. Harafin yana bayan na'ura kusa da lambar ƙira, yana kuma bayan kwalin faifai. Saɓanin ƙananan na'urorin DVD, na Blu-ray na manyan kamfanoni suna bin wannan doka sau da ƙafa. PlayStation 4 da 5 mai ramin faifai ma haka: wasanni ba su da shiyya, amma finafinai suna bin ƙasar da aka yi na'urar dominta. Wanda PlayStation ɗinsa ɗan Amurka ne, Criterion zai yi masa aiki. Wanda nasa ɗan Dubai ne ko Landan, a'a.

Ga mai na'urar shiyyar B, bugun Arrow Academy na Ingila da ya fito a 2019 shi ne amsa. Hoto ne na 1080 da Jonze ya amince da shi, kuma kaso mai yawa na ƙarin kayan, har da sharhin Gondry da hirar Hodgman, suna ciki. Ga mafi yawan masu karanta wannan, shi ne sayayyar da ta fi ma'ana. Sayen na'urar Amurka musamman saboda faifai ɗaya wauta ce, sai dai in kana da niyyar tara faifan Criterion da yawa. Idan haka ne, duba abin da aka rubuta na wuta: wasu na'urorin Amurka volt 120 kawai suke ɗauka, namu kuma 230 ne. Ka jona kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, sai wari da hayaƙi. Wadda aka rubuta 100 zuwa 240 ba ta da wannan damuwa. Kwamfuta kuma ba mafita ba ce mai sauƙi, domin manhajar kallon bidiyo ta VLC ba ta buɗe Blu-ray na kasuwa haka kawai saboda makullin da ke jikinsa.

Ko wanne ka zaɓa, tabbatar yana da rubutun ƙasan allo na Turanci, ba fassarar na'ura ba. Barkwancin fim ɗin da yawa a baki yake. Sakatariyar kamfanin, Floris, tana jin kowace magana a karkace, har ta sa shugaban, Dakta Lester, ya yarda cewa shi ne mai matsalar furuci alhali tsaf yake magana. Idan rubutun bai kamo abin da aka faɗa da abin da ita ta ji ba, fitowar ta mutu. Haka zolayar silin: kalmar Turancin da ake nufin ƙarancin kuɗin gudanar da ofis da ita, ita ce kuma ke nufin abin da ke saman kai ya yi ƙasa. Sai fitowar da Malkovich ya shiga ƙofar kansa ya tarar da gidan abinci cike da mutane masu fuskarsa, maza da mata da yaro, kowa ba ya furta komai sai sunansa, har takardar jerin abinci. A nan rubutun bai lalace ba, haka abin yake.

Saitin talabijin na iya ɓata faifai mai kyau. Faɗin hoton 1.85 ne a kan 1, allon zamani kuwa 1.78, saboda haka za ka ga siririn baƙin layi sama da ƙasa. Bar shi. Idan ka danna zuƙowa don cike allo, gefe da gefen hoton kake yankewa. Kashe saitin nan da ke sa motsi ya yi santsi kamar wasan ƙwallo, ka zaɓi yanayin silima, ka rage hasken ɗaki maimakon ƙara hasken allo, wanda ke mayar da baƙi toka-toka. Idan lasifikar talabijin kawai gare ka kuma muryoyi sun yi ƙasa, shiga saitin na'urar ka mayar da sauti sitiriyo, domin a tsarin 5.1 magana tana tashar tsakiya ne, wadda kai ba ka da ita. Da zarar an shiga kan Malkovich, gefen hoto zai yi duhu kamar ana leƙe ta rami, sauti ya dushe, ka riƙa jin numfashi da taunar gasasshen burodi kamar a cikin kunnenka. Lasifikar kunne ta fi fito da wannan.

Idan na hannu za ka saya, nemi hoton bayan kwali da na ƙasan faifan kafin ka biya. Karcen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki na'ura kan iya tsallake shi, wanda ya bi zagayen faifan shi ne ke daskarar da hoto. Ƙasan DVD na asali azurfa ne ko ruwan zinare. Mai shuɗi-shuɗi ko shunayya kwafi ne da aka ƙona a kwamfuta. Ranar da ya iso, kunna shi ka tsallaka babi-babi har ƙarshe tun lokacin mayar da kaya bai wuce ba. In DVD ne kuma ya ɗan tsaya na daƙiƙa ɗaya wajen tsakiyar fim sannan ya ci gaba, sauya shimfiɗa yake yi, lafiyarsa ƙalau.