Cocin ƙauyen Ingila na kwali: fasali daidai, gam ba na Damagaram ba

Samfurin nan na kwali da ake yankawa a haɗa, na cocin ƙauyen Ingila, ma'auninsa 1:76 ne, wato milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya. Ma'aunin masu wasan ƙananan jiragen ƙasa ne a can, don haka rular 1:50 ko 1:100 ta ɗaliban zanen gini a nan Zinder ba za ta hau ba.

Fasalin kam ba laifi. Hasumiya a yamma, dogon ɗakin masu ibada a tsakiya, ɗakin bagade a gabas, ga ɗan zaure a ƙofar kudu. Inda mai zanen ya nuna ya san aikinsa shi ne da ya bar ƙofa da tagogi kowa da salonsa. Bakan ƙofar kudu zagaye ne, irin na Normawa da suka ci Ingila a 1066, kamar ƙofar cocin ƙauyen Kilpeck da aka gina wajen 1140. Tagogin gabas sirara masu tsini, na ƙarni na 13. Babbar tagar hasumiya mai sanduna a tsaye, ta ƙarni na 15. Haka ginin yake a zahiri, kowane zamani ya zo ya ƙara nasa, kamar gidan gado a Birni. Takardar bayani ba ta ce uffan a kan wannan ba, sai malami ya cike.

Gam ɗin da ya zo da samfurin, a hunturu, kafin a haɗa bango biyu ya bushe. A nemi farin gam na kafinta, a shafa da tsinke, kaɗan, don in ya yi yawa kwalin lanƙwashewa yake. A ja layin ninki da bayan reza kafin a ninka. A fara da hasumiya, kuma kada a manna tokaran bango sai kusurwoyi huɗu sun tsaya cak, in ba haka ba rufin ba zai zauna ba.

Kuskure ɗaya: an buga tsakanin duwatsu da launin siminti. Da farar ƙasa da yashi aka gina irin waɗannan coci-coci a zahiri. Siminti tsare danshi yake har dutsen ya rube, abin da yake wa bangon tubali ke nan.

Indararon hasumiya masu kan dodo ƙanana ne ainun, yatsa ba ya kama su. Sai da hantsaki.