Tsohuwar Kwalejin Katsina, ya kamata ku leƙa

Jama'a ranar Asabar na kai ƙannena gidan tarihin nan na tsohuwar Kwalejin Katsina, wallahi na ji kunya, a garin aka haife ni amma ban taɓa shiga ba sai yanzu. Ginin ƙasa ne da azara tun zamanin Turawa, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma nan su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938. Cikin ɗakunan sanyi kamar an kunna esi! Malamin da ya zagaya da mu akwai haƙuri, yara sun ishe shi da tambaya bai gaji ba. Ku dai je da safe, ranar Katsina ba wasa.