Shekara biyu ina kai wanki shagon inji a Bronx

Ƙanena da ke shirin zuwa karatu Amurka ne ya tambaye ni yadda ake wanki a nan. Na fara ba shi amsa ta saƙon murya, sai na ga maganar ta yi tsawo, na ce bari in rubuta ta kowa ya amfana. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina kai kayana shago ɗaya a unguwarmu ta Bronx da ke birnin New York, tafiyar minti bakwai daga ɗakina, ta bayan babban titin Grand Concourse.

A Kano ban taɓa sanin wanki aiki ne ba. Baba mai wanki zai zo ranar Asabar, ya ƙirga kaya a gabana, ya ƙulle su a zanin gado, ranar Talata ya dawo da su sun sha sitaci da gugar dutsen gawayi. Nan kuwa ginin da nake haya tsoho ne, kuma mai gidan ya rubuta a takardar haya cewa ba a saka injin wanki a ɗaki. Igiyar shanya ma babu. Ko akwai, wanda ya shanya jiƙaƙƙiyar riga a waje cikin Janairu zai tarar ta sandare kamar busasshiyar fata. Dole ce ta kai ni shagon. Su Amurkawa a wurinsu tsohon abu ne, tun 1934 aka buɗe irinsa a Fort Worth ta jihar Texas, shi ya sa ba wanda zai tsaya koya maka. An ɗauka kowa ya tashi ya ga ana yi.

Ranar farko na sha kunya. Na zuba omo yadda na ga ana zubawa a baho a gida, gwangwani cike, har da ƙari don kaya su fita. Minti goma ba a yi ba gilashin injin ya yi fari fat, kumfa ta fara tsattsafowa ta aljihun da ake zuba sabulu. Matar da ke kula da wurin, 'yar Jamhuriyar Dominika ce, ta zo da tsumma tana faɗa da Sifaniyanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane da ta nuna min ɗan layin da ke cikin murfin robar sabulu. Waɗannan injinan masu ƙofa a gaba ruwa kaɗan suke sha, juya kayan suke suna buga su da juna. Kumfa in ta yi yawa sai ta hana bugun, kuma ɗaurayar ba ta fita. Cokali biyu na sabulun ruwa ya ishi inji guda. Robar da a da nake ƙararwa a wata ɗaya yanzu tana kai ni wata uku.

Injinan wurin girma uku ne, an rubuta a jikinsu laba 20, laba 40 da laba 60. Laba ɗaya ta kusa rabin kilo. Ƙaramin nake biyan dala uku da rabi, babban dala tara, kuma babban nan shi ne abin da na fi yaba musu: bargona mai nauyi da zannuwan gado duk suna shiga lokaci guda, su fito tas cikin rabin awa. Da farko kwabbai ake zurawa, kwata mai santi 25, wato dala goma kwata arba'in. Injin canjinsu kuwa ya fi mai shago tsirfa, takardar kuɗi in ta ɗan yamutse sai ya tofo maka ita. Bara suka koma kati, kana loda masa kuɗi kana dangwalawa. Aljihu ya huta da nauyi. Sai dai katin kansa dala ɗaya suka sayar mana, kuma kullum sai wasu 'yan santi sun maƙale a ciki waɗanda ba su isa komai ba. Ina zargin da gangan aka tsara farashin haka.

Abin da ya fi sauƙaƙa min wankin shi ne canza rana. Wata shidan farko Lahadi nake zuwa, kamar kowa. Lahadi da yamma wurin kamar Kantin Kwari ana jibi Salla: yara na tsere da kwandunan taya, ana layin injin busarwa, in ka yi lattin minti biyar ka tarar wani ya kwashe kayanka ya jibge a kan tebur, har da ƙananan kayan da ba ka so a gani. Yanzu Talata nake zuwa. Ina idar da Asuba in ja kekena, suna buɗewa ƙarfe shida, ni da mutum uku ko huɗu ne kawai. In kunna inji biyu a tare, farare daban, masu launi daban, kafin takwas na gama har ninki. Keken nan mai taya da ake naɗewa, wanda tsofaffi ke zuwa cefane da shi, da na raina shi. Sai da na yi sanyi guda ina saɓa buhu a kafaɗa a kan ƙanƙara mai santsi sannan na saya. Kayan ma tun a ɗaki nake ware su a jaka biyu, in lalube aljihuna, domin takardar goge hannu ɗaya in ta shiga inji sai baƙin wando ya fito kamar an barbaɗa masa gari.

Inda suka ɓata min rai kuwa a kan shadda ne, kuma rabin laifin nawa ne. Suna da wani tsari na ajiye ka tafi: a auna kayanka a sikeli, ka biya gwargwadon laba, su wanke su busar su ninke, ka dawo da yamma. Ana saura kwana biyu Babbar Salla aiki ya sha min kai, na tattara komai na ba su, har da kaftanina na shadda ruwan toka da aka ɗinka min a gida. Na ɗauka na samu Baba mai wanki na Amurka. Da na buɗe ledar, ninkin ya yi kyau ba laifi, amma shaddar ta mutu murus. Sheƙin ya tafi, ta yi laushi kamar tsohon zani, aikin wuyan ya tattare, hannun ya ɗage ya bar min tsintsiyar hannu a waje. Sun wanke ta da ruwan zafi tare da tawul, suka jefa ta injin busarwa a wuta mafi ƙarfi. Da na yi ƙorafi aka nuna min wata takarda a bango wai ba ruwansu da kayan da ba su da alamar yadda ake wanke su. Wane tela ne a Kano yake liƙa wa kaftani alama?

Wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa ranar Talata ta ɗaga rigar ta duba, ta girgiza kai.

"Ɗana, wa ya ce maka ana ba su shadda? Waɗannan wandon jins suka sani."

Na ce, "Wallahi Hajiya sauri ne ya ja min."

Ta ce, "To ka ji da kyau. Shadda ruwan sanyi, da hannu, kar ka murɗe ta. Ka rataye a banɗaki ta tsane, ka goge ta da sauran danshinta."

Gaskiyarta. Sheƙin shadda a fuskar yadin yake, shi ya sa a gida ake kai ta wurin masu bugu su dake ta a kan gungume har ta dawo tana ɗaukar ido. Zafin inji da gurzar tawul kishiyar wannan suke yi. Haka atamfa sabuwa, in mai zuba ce za ta rina maka duk abin da ke cikin injin. Hula kuwa ko kusa. Tun daga ranar, abin da nake kai musu singileti ne, safa, kayan aiki, tawul, zanin gado da jallabiyar zaman gida.

Akwai kuma maganar tsarki, wadda na san ƙanena zai tambaya. Mutanen nan suna wanke shimfiɗar karnukansu a injin da kai ma za ka saka kayan sallarka. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma zuciya ba ta son ganin gashinsa a jallabiya. Kafin in zuba kaya nakan leƙa cikin injin, in ɗaga robar bakin ƙofar, don nan gashi da datti suke taruwa, in goge da tsumma. In na ji warin bilic mai ƙarfi sai in fara da farare. Ma'aikatan suna share ƙasa da tebura sosai, wannan na ba su, amma robar nan ban taɓa ganin wani ya taɓa ta ba.

Injin busarwa kuɗin kwata ɗaya minti shida ne, kayana na cin kamar minti talatin da shida. Na lura na layin sama sun fi zafi, kuma na ƙarshe ta wajen taga ya fi shekara yana cin kuɗi yana hura iska mai sanyi, an ƙi gyarawa. Kujeru shida ne kacal. Banɗaki sai ka roƙi makulli. Talabijin kullum tashar Sifaniyanci, da ƙara.

Amma zaman jiran da na fi tsana da farko shi nake ɗoki yanzu. Ina zuwa da shayina a fulas, in sa abin kunne in saurari labaran BBC Hausa, ko in yi tilawa kafin injin ya tsaya. In Hajiya ta iso kuwa sai in cire abin kunnen. A bakinta nake jin wanda ya yi aure a unguwa, wanda aka yi wa rasuwa a gida, da shagon da ya kawo sabon daddawa da kuka. Akwai wani Bazabarme direban tasi da ke shigowa bayan ya tashi aikin dare, Hausarsa ta Yamai, ta Hajiya ta zangon Kumasi, tawa ta Kano, muna ninki muna yi wa juna dariyar harshe. Shi ya koya min ninke zanin gado mai roba a kusurwa, abin da na yi shekara ina dunƙulewa kawai in cusa a jaka.

Kaftanin ruwan tokan yana nan, na mayar da shi na zuwa wanki. Hajiya duk ranar da ta gan shi a jikina sai ta ja hannun ƙasa, ko zai sauko.