Tsohon Jirgin Ruwa Mai Inji: Wanne Za Ka Saya In Da Hannunka Za Ka Gyara?

Shekara shida ke nan ina gyaran jirgin ruwa a wani filin ajiye jirage da ke gaɓar gabashin Ingila, Asabar da Lahadi kawai, sai ɗan hutun da na samu daga wurin aiki. Shi ne jirgi na biyu da na saya. Na farkon asara ce tsagwaronta, zan zo kansa. 'Yan'uwa mazauna nan da Holan da Amurka sun sha tambayata wane iri ya kamata mutum ya nema, tunda tsofaffin jiragen shaƙatawa sun cika tashoshi, wasu kuɗinsu bai kai na mota ta hannu ba.

Kafin ka tambayi kuɗi, tambayi kanka: jirgin nan zai iya jirana? Aikin mutum ɗaya ba na wata shida ba ne. Aljihu zai bushe. Hunturu zai zo, sanyi ya hana fenti da danko kamawa. Za a kira ka gida biki ko rasuwa, ka yi wata uku ba ka leƙa ba. In jirgin irin wanda ke ci gaba da lalacewa ne da zarar ka ba shi baya, kana gyara gaba baya na rushewa, har ka gaji.

Da wannan ma'auni, jirgin katako ya fita. Tsofaffin Chris-Craft masu jikin mahogani kyan ɗan maciji gare su. A tudu katakon ya bushe ya buɗe baki, ruwan sama ya shiga ya ruɓar da shi, in ba kafintan jirgi ba ne kai, wuce kawai. Na ƙarfe irin na Holan, su Pedro da Linssen, jirage ne na ƙwarai ga wanda ya iya walda, sai dai tsatsa daga ciki take cin su, a ƙarƙashin daɓe inda ido ba ya kaiwa. Masu gudu da injin fetur biyu ba na ko kallonsu: tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi. Manyan Hatteras masu injin Detroit Diesel biyu ƙarfi gare su, amma komai sai ka saya biyu-biyu, kuma kuɗin wurin ajiya da tsawon jirgi ake lissafa shi.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne jirgi mai jikin faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar cikin danko, tsawon ƙafa 30 zuwa 36, mai injin dizal guda ɗaya, wanda sandar farfela ta fito kai tsaye daga giya ta ratsa ƙasan jirgi. A cikinsu kuwa zuciyata na kan Grand Banks 32, irin wanda nake gyarawa yanzu. Kamfanin American Marine ne ya fara ƙera su da katako a shekarun 1960, sai a 1973 ya koma faiba. Ka riƙe wannan shekara da kyau, domin na faiban an yi musu zane a jiki kamar jerin katako, daga nesa ba ka bambance su ba. Na bayan 1973 za ka nema.

Jikinsa kauri gare shi, a ƙasansa akwai dogon ƙashin baya da ke kare farfela in ka taɓa yashi, abin da ke faruwa da kowa a kogunan Essex da Suffolk, nan gabashin Ingila, idan ruwa ya janye. Nawa ya yi shekara biyu a kan sanduna ban taɓa gangar jikin ba, na dawo na same ta yadda na bar ta. 'Yan ƙurajen da ke fitowa a ƙasan tsohuwar faiba idan ruwa ya ratsa fatarta suna tsorata masu saye, alhali a kan jiki mai kauri irin wannan yawanci a fasa su ne, a wanke, a bari su bushe sosai, a cike da dankon epoxy. Aiki ne na haƙuri, kowa zai iya koya.

Sai injin. Yawancinsu Ford Lehman ne mai ƙarfin doki 120, silinda shida, asalinsa injin manyan motoci ne na Ford ta Ingila da kamfanin Lehman na Amurka ya gyara domin ruwa. Ba kwamfuta, ba turbo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bakanike yana kwance injin tsohuwar roka zai gane komai a jikinsa. Da sifana da littafin injin na canja famfon ruwa, na wanke bututun sanyaya inji, na fitar da injekta na kai aka gwada. Abu guda da mutane ke mantawa: famfon man dizal ɗinsa, ƙirar Simms, yana da nasa baƙin mai daban, ana canja shi duk awa 50. Ka tambayi mai sayarwa yaushe ya canja. In ya tsaya kallonka, ka san irin riƙon da injin ya samu. Gudun jirgin bai wuce kilomita 13 zuwa 15 a awa ba, yana shan abin da bai fi lita 8 a awa ba. Mai son tsere ba nasa ba ne. Ni dai zama nake so da iyalina a kan ruwa, mu dafa shayi, mu yi sallar la'asar a bayan jirgi ba tare da ƙara ta cika mana kunne ba.

Grand Banks ɗin ma yana da lahaninsa, kuma lahanin nan shi ne ya cinye mini jirgin farko, wanda ƙirar wani kamfani ne daban. Jiragen wancan zamani, har da na Taiwan masu kama da shi, an shimfiɗa musu katakon tik a daɓen sama, an ɗaure da ɗaruruwan sukurori. Kowane sukuru ƙofa ce ta ruwa. A tsakiyar daɓen akwai katako mara nauyi da aka rufe da faiba sama da ƙasa. Ruwa ya bi sukuru ya jiƙa shi, ya ruɓe, daga nan ya ɗiga kan tankunan man da aka yi da baƙin ƙarfe, tsatsa ta huda su daga sama. Wanda ya sayar mini da jirgin farkon ya san haka. Ya goge tik ɗin ya shafa masa mai yana sheƙi, ya manna sabon yadi a bango ƙarƙashin tagogi inda tabon ruwa yake, ya yi wa ɗakin inji farin fenti. Wata huɗu bayan na biya na taka gefen daɓe na ji ya lotsa kamar katifa. Da na ɗaga, katakon ciki ya zama baƙin taɓo, da cokali na riƙa kwashe shi. Tankin hagu yana tsiyayar da mai, kuma ba ya fita sai an ciro inji ko an yanka shi gunduwa-gunduwa a ciki. Na sayar da jirgin ƙasa da rabin abin da na zuba, bayan na faɗa wa mai sayen duk abin da ke ciki.

Don haka ka tafi da ƙaramar guduma ta roba. Ka bi daɓen taki-taki kana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Ka zura wayarka da fitila ka ɗauki hoton saman tankuna. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tuhuma ne. Ka ce kada a tayar da inji kafin ka iso, in ka iso ka ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, an tashe shi ne don kada ka ga wahalar tashinsa da hayaƙin farko. Ka zaro sandar auna baƙin mai, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Agogon awannin inji kada ya ruɗe ka, minti goma ya isa a sa wani. Bawul ɗin da ke ƙasan jirgi, wato makullan bututun da ruwa ke shiga da fita ta cikinsu, ka kankare su kaɗan, in ƙarfen ya yi ja-ja maimakon ruwan ɗorawa, ya mutu, zai iya karyewa a hannunka.

Kada ka yarda da rahoton binciken da mai jirgi ko dillali ya miƙo maka, ko da tambari goma ne a kai. Wannan ne kuskurena. Ka ɗauko naka mai binciken, kai za ka biya shi, a ɗaga jirgin daga ruwa a gabanka, ya sa na'urar auna danshi a daɓe da gangar jiki. In mai jirgi ya ƙi a ɗaga, ciniki ya ƙare.

Takardu kuma wani fagen ne na macuta. A Birtaniya rajistar ƙananan jirage da ake kira SSR ba shaidar mallaka ba ce. Rajistar sashe na ɗaya ce ke nuna mai jirgi da bashin bankin da aka rubuta a kansa. Ka nemi takardun cinikin baya a jere, ka je ofishin filin da kanka ka tambaya ko ana bin jirgin kuɗin ajiya, domin ba za su bari ya fita ba sai an biya. Jiragen Amurka tun 1972 suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayansu ta hannun dama. Ka gwada ta da ta takarda, in ka ga alamar an cike wurin an sake bugawa, ka kama gabanka. Bayan guguwar Ian ta 2022 a Florida, jirage masu yawa da suka nutse sun shiga gwanjo, kuma wayoyin da suka sha ruwan gishiri a hankali suke ruɓewa cikin rigarsu. Ka fere bakin waya ɗaya a can ƙasa, in tagullar ta yi baƙi ko kore, ka tambayi dalili.

Sai masu tallan intanet: hoto mai kyau, farashi rabin na kasuwa, mai jirgi wai yana aiki a ƙasar waje, ka tura kafin alƙalami a kawo maka har gida. Hoton na wani ne suka kwafa. Wani ɗan'uwa ya turo mini irin wannan talla bara yana murna, na duba na ga jirgin da ke hoton yana tallace a wata ƙasa da ninkin kuɗin. Ko fam ɗaya kada ya fita daga hannunka sai ka taka jirgin da ƙafarka, ka ga mutumin ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya yi daidai da na takardar ciniki ta ƙarshe.