Kifin Galma a tankin gilashi: wanne za ka saya, wanne za ka bar wa tukunya

Duk wanda ya ce mini yana sha'awar ajiye kifi a falo, tambayata ta farko ita ce: awa nawa kuke samun wuta a unguwarku? Mutane kan ɗauka wasa nake, alhali a Zariya wannan tambaya ce ke raba kifin da zai shekara a hannunka da wanda za ka kwashe da ludayi bayan kwana uku. Kifin da ke tanki ya dogara ne da injin da ke hura masa iska da matatar da ke tace masa ruwa, su kuma sun dogara da wuta. Idan aka ɗauke ta tsakar dare a watan Afrilu, ruwa ya ɗumama, iskar da ke cikinsa ta ragu, to kafin asuba za ka gane irin kifin da ka saya.

Shi ya sa na fi karkata ga kifin ruwanmu, na kogunan Galma da Kubanni da tafkunan fadama, a kan jan kifin nan na shago da ake kira golfish. Golfish ba ya jin sanyin hunturu, wannan na yarda, kuma ya saba da abincin gwangwani tun yana ƙarami. Amma kashinsa yawa gare shi, kuma zafin bazara na wahalar da shi in babu injin iska. Wanda ke da sola ko inbata yana iya sayensa hankali kwance. Sauranmu sai mu dubi abin da Allah Ya hore mana a bakin kogi, mu kuma san cewa ba kowane kifin kogi ne ke zaman gilashi ba.

Wanda na fi so, kuma nake ba kowa shawara ya fara da shi, shi ne gartsa. Dogo ne kamar maciji, ɓawonsa da tauri, da ƙananan ƙayoyi jere a gadon bayansa kamar haƙoran zarto. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne yana da huhu. Yakan taso saman ruwa ya shaƙi iska ya koma ƙasa, don haka ɗauke wuta na yini guda bai dame shi ba. Ka nemi mai launin toka ko ruwan ƙasa wanda ba shi da zane, wannan a tanki yakan tsaya wajen santimita 30. Masu baƙaƙen zane a jiki da leɓen ƙasa da ya zarce na sama manya ne, suna kai santimita 60 ko fiye, sun fi ƙarfin tankin falo. Aibinsa biyu ne. Yana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinsa, musamman da dare, kuma gwanin tserewa ne. Gartsana na farko ta ramin da wayar injin iska ke bi ya fice, na tarar da shi da safe a bayan kujera ya bushe, abin ya daɗe yana damuna. Ka sa murfi mai nauyi, ka toshe kowace kafa da soso, amma ka bar tazarar kamar yatsu uku tsakanin ruwa da murfi don ya samu iskar shaƙa. Ba kullum ake ganinsa a tiren masu sayar da kifi ba, sai ka bar sallahu wurin masunci ka yi haƙuri.

Na biyu kurungu. Shi ba ya shaƙar iskar sama kamar gartsa, amma yana da juriya, kuma zaman lafiya yake yi da kifin da ya kai girmansa. Da rana ɓuya yake yi, saboda haka ka ajiye masa fasasshen tulu ko guntun bututun ruwa. In ba ka ba shi maɓoya ba, zai yini a kusurwa a firgice ya ƙi cin abinci. Wasu irinsa kan yi iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, yara kan yi zaton ya mutu. Ka yi hattara da ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, waɗanda yake ƙafewa in ya ji an taɓa shi. Suna sarƙewa a raga, suna kuma huda hannu da zafi. Da kwano ko roba ake ɗaukarsa.

Tarwaɗa ce ke yaudarar masu farawa. Tana da araha, ana samunta ko'ina, tana shaƙar iska, kusan ba ta mutuwa. Amma ka tambayi duk mai gidan gonar kifi: ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa cikin wata biyar ko shida yakan kai kilo guda. Za ta cinye maƙwabtanta har da 'yan uwanta, ta dagula ruwa, sannan ta kai inda ko juyawa ba ta iya yi a tankin. Wurinta kududdufin siminti ne a tsakar gida. Karfasa kuma ta fi ta kyan gani, kuma kallon uwa ta kwashe 'ya'yanta cikin baki in ta ga haɗari abu ne da ba a mantawa. Sai dai tana tone yashi, tana tuge shuke-shuke, namiji na korar kowa daga yankinsa, haihuwa kuma ba ta tsayawa sai tanki ya cika. In za ka ajiye ta, ka ba ta tankinta ita kaɗai, duwatsu kawai, ba shuka.

Kawara da jar wutsiyarta ta fi duk waɗannan walƙiya a ido, amma garke take so, shida ko fiye, da dogon tanki da iska ba yankewa. Ita ce ta farkon mutuwa in wuta ta tafi. Minjirya na iya sakin lantarki da ya kai bolt 350, ban yarda a ajiye ta a gidan da ke da yara ba. Gaiwa na kai mita guda kuma tana cizo. Tsage da giwan ruwa kuwa ka bar su a kogi.

Yadda aka kama kifin ya kai irinsa muhimmanci, kuma nan ne mai saye ke yawan yin asara. Kifin da ka gani a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada don miya aka kawo shi, ya sha rana da matsi, ko yana motsi da wuya ya kai mako. Ka je bakin ruwa da sassafe da bokitinka mai murfi, ka gaisa da masunci ka ce, "Baba, na kallo nake so ba na ci ba, ƙanana, kuma na gura." Na gura ko mali, wato tarkon da ake ajiyewa cikin ruwa, shi ne mafi lafiya, domin da kansa ya shiga, ba abin da ya ji masa rauni. Na birgi, wato ragar jifa, ma ba laifi in an ciro shi nan take. Na kalli kuwa, ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale, zaren ya riga ya yanke shi a wuya ya goge masa ɓawo, na ƙugiya bakinsa a yage yake. Wanda ke layi a saman ruwa kamar ya bugu, ka guje shi, akwai masu zuba guba a ruwa don su kwashi kifi. Lokacin da na fi so shi ne kaka, bayan ruwa ya ja da baya ya bar ƙananan kifaye a kududdufan fadama da za su ƙafe kafin rani. Da damina suna haihuwa, bai dace a dame su ba. Ka ɗauki biyu ko uku, iyakar abin da za ka iya riƙewa.

Kada ka ɗebo katantanwa ko ciyawar ruwa daga rafi don ƙawata tanki. Katantanwar ruwa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, ba abin da za a shigo da shi ɗakin da yara ke wasa ba ne.

Game da tankin kansa, masu aikin gilashi da alminiyom suna haɗawa, ka dai gaya musu su yi amfani da silikon da ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin maganin guba ne ga kifi. Lissafin lita mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1000. Mai 90 da 40 da 40 lita 144 ke nan, ya ishi kurungu biyu ko ƙaramin gartsa. Mai 120 da 45 da 45 lita 243 ne, shi nake ganin ya dace da gartsa har ya girma, kuma gilashinsa kada ya gaza milimita 8. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka teburin roba ko na katakon kwali ba zai ɗauka ba. In kuɗinka ɗaya daga cikin biyu za su saya, tsakanin fitilar ado da injin iska mai batir, ka ɗauki injin. Na'urar ɗumama ruwa kuma Disamba da Janairu ne lokacinta. Kifayen nan sun fi walwala tsakanin digiri 24 da 28, daren hunturun Zariya kuwa yakan sauko ƙasa da 15, ƙaramin tanki kuma saurin hucewa yake. In ba wuta, ka lulluɓe shi da bargo tun magariba, ka nisanta shi da taga.

Ka haɗa tanki tun kafin ka je wurin masunci. Kashin kifi na zama amoniya mai kisa, ƙwayoyin halittar da ke narkar da ita a cikin matata kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ruwan famfo ka bar shi a buɗe kwana biyu sinadarin kulorin ya fice, na rijiya ko burtsatse ana iya zubawa kai tsaye. Duk mako ka canza kashi ɗaya bisa huɗu. Sabon kifi kuma ka killace shi a wata roba daban na mako uku, kana duba fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsa, da matsattsaku, da ƙwarƙwatar kifi.

Ranar da ka kawo shi, ka riƙa ƙara ruwan gida kofi-kofi cikin bokitinsa har kusan awa guda kafin ka sake shi. Ka kashe fitila, ka hana yara ƙwanƙwasa mazubinsa, kada ka ba shi komai a daren farko. Bai san abincin ƙwaya na shago ba, ka fara masa da tana da fara, ko shinge in farkon damina ne, bayan isha'i lokacin da yake fitowa kiwo. In ya saba da hannunka sai ka riƙa cusa ƙwaya mai nutsewa ɗaya-biyu cikin tanar.