Yinin da muka kalli gasar jero harrufa a wani ƙaramin gidan sinima

Mu huɗu muka shirya fita ranar Asabar, kuma abokiyarmu da ke koyarwa a firamare ce ta rinjaye mu zuwa wani ƙaramin gidan sinima wanda a ƙarshen mako yake nuna finafinan zahiri, irin waɗanda babu 'yan wasa a cikinsu. Fim ɗin ranar shi ne Spellbound na Jeffrey Blitz, wanda ya fito a 2002, yana bin yara takwas daga sassa daban-daban na Amurka har zuwa zagayen ƙarshe na gasar jero harrufa ta Scripps da aka yi a birnin Washington a 1999.

Zauren bai da girma, amma yana da tsabta, kujerun suna da daɗin zama, hoton kuma ya fito fes. Inda suka gaza shi ne sauti, domin a farkon fim ɗin lasifikar gefen hagu ta yi ta ƙara, sai da wani daga cikin masu kallo ya tashi ya yi magana kafin a gyara. A fim ɗin da komai nasa ya rataya a kan jin harafi ɗaya, wannan sakaci ne da bai kamata a yi ba.

Da sautin ya daidaita, zauren ya yi tsit. Gasar ta samo asali ne tun 1925, kuma dokarta ba ta da wuyar fahimta: ana faɗa wa yaro kalma, yana iya neman ma'anarta, ko harshen da ta fito, ko a saka masa ita a jimla, sannan ya jero harrufanta ɗaya bayan ɗaya, idan ya kuskure sai a kaɗa ƙararrawa, ya sauka. Wahalar tana cikin Turancin kansa, wanda ya aro kalmomi daga Girkanci da Latin da Faransanci, ya riƙe rubutunsu na asali ko da lafazin ya sauya, shi ya sa yaron da ya tambayi asalin kalma ba ɓata lokaci yake yi ba, hanya yake nema. Akwai wani yaro da aka ba kalmar "banns", ya tsaya gaban makirufo yana murguɗa fuska, yana maimaita ta, har na ji malamar da ke kusa da ni tana raɗa harrufan, hannunta riƙe da gefen kujera.

Abin da ya fi kama ni shi ne gidajen yaran. An nuna yarinya daga Texas wadda mahaifinta ya zo daga Meziko, yana kiwon shanu a gonar wani, bai iya Turanci ba, amma 'yarsa ta koya wa kanta kalmomin har ta kai matakin ƙasa. An kuma nuna wani uba ɗan asalin Indiya a Kalifoniya da ke bitar dubban kalmomi da ɗansa, har ya ɗauko masa malamai na musamman. Fim ɗin bai yanke wa kowa hukunci ba, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa yake, domin bayan mun fito mun daɗe muna muhawara kan ko uban nan ƙauna ce ta yi masa yawa ko matsi. Nupur Lala ce ta lashe gasar da kalmar "logorrhea", sai dai yaran da ƙararrawa ta saukar su ne suka fi tsaya mini a rai.

Ma'aikatan sun ba da haƙuri a bakin ƙofa ba tare da an nema ba, suka kuma bar mu muka zauna a farfajiya har muka gama hirarmu. Zan koma, kuma duk wanda zai je ina ba shi shawara ya zaɓi kujerun tsakiya, inda sauti ya fi fita sosai.