Sharhi: Littafin da Ya Buɗe Mini Ƙofar Karatun Star Wars

Na daɗe ina kallon finafinan Star Wars, amma littattafansu tsoro suke ba ni saboda yawansu. Gwajina na farko bai yi daɗi ba. Na ɗauki wani daga tsakiyar jerin New Jedi Order, mai littattafai 19, sai na tarar da mutanen da ban sani ba suna jimamin abubuwan da ban san lokacin da suka faru ba. Ban kai rabi ba na ajiye.

Wanda ya dawo da ni shi ne Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991. Yanzu na gama shi da ƙannensa biyu, Dark Force Rising na 1992 da The Last Command na 1993, kuma duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nan zan nuna masa.

Dalilin farko shi ne ba ya bukatar komai daga gare ka sai finafinai uku na asali. Labarin ya ɗora ne shekara biyar bayan Return of the Jedi, fim na ƙarshe a cikin ukun. Sarkin daular ya mutu, 'yan tawayen jiya sun zama gwamnati, kuma sun fara gane cewa riƙe mulki ya fi ƙwace shi wuya. Cikin jaruman finafinan, Leia na ɗauke da cikin tagwaye, Han na bin tsofaffin abokansa 'yan fasa-ƙwauri yana lallashinsu su yi wa sabuwar gwamnati jigila, Luke kuma ya rasa wanda zai yi masa jagora. Muryoyinsu sun fito daidai, har ina jin su a kunnena ina karatu.

Amma gaskiya Thrawn ne ya riƙe ni. Babban kwamandan rundunar jiragen daular ne, mai shuɗiyar fata da jajayen idanu, kuma ba shi da takobin haske ko ƙarfin Force, wato ɓoyayyen ikon da irin su Luke ke amfani da shi. Makaminsa nazari ne. Yakan zauna ya ƙura wa zane-zane da sassaƙe-sassaƙen wata al'umma ido har ya gane yadda take tunani, da inda hankalinta ke tsayawa, sannan ya shirya yaƙinsa a kan wannan raunin. Zahn ya yi dabara da ya sa muna ganinsa ta idon Kyaftin Pellaeon, tsohon soja mai yawan shakka, don haka mamakinsa ya zama namu. Akwai wurare biyu da har yau nake tunawa. A littafi na farko wani ma'aikacin jirgi ya bari Luke ya kuɓuce, ya ɗora laifin a kan wani, Thrawn ya sa aka kashe shi. A na uku wani ma ya gaza a irin wannan aikin, amma ya gwada sabuwar dabara kafin ya gaza, sai Thrawn ya ƙara masa girma. Daga nan na fahimci abin da ya sa sojojinsa suke binsa da zuciya ɗaya, abin da ban taɓa gani a wajen Vader, mugun finafinan asali, ba.

Sai Mara Jade, wadda ta tsani Luke kamar ta mutu, amma dole ta sa suka ratsa dajin Myrkr tare, inda wasu halittu da ake kira ysalamiri ke toshe Force. Luke da babu ƙarfinsa ya fi burge ni.

Ba wai babu aibi ba. Littafi na biyu yana jan ƙafa a tsakiya, kuma Zahn na yawan sa jaruman su maimaita kalaman da suka yi a fim, har abin ya fara gundura ta. Bayanin da ya yi na Yaƙin Clone, wanda aka gwabza kafin kafuwar daular, ma ya saɓa da finafinan da suka biyo baya, domin ya riga su fitowa.

Wani abu da ya kamata mai farawa ya sani: bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, an sanar a watan Afrilun 2014 cewa tsofaffin littattafan sun fita daga labarin da finafinai ke bi. Su ne za ka ga an rubuta Legends a saman bangonsu, kuma waɗannan ukun suna ciki. Da farko wannan ya sanyaya mini gwiwa, amma ina shiga karatu na manta. Ai sunan Coruscant, babban birnin daular, ma daga Heir to the Empire ya fito kafin ya shiga fim a 1999, shi kansa Thrawn kuma an dawo da shi a shirin talabijin na Rebels a 2016.

Idan kuwa kana son abin da ya yi daidai da sababbin finafinai ne kawai, Zahn ya sake rubuta labarin tasowar Thrawn a littafin Thrawn na 2017. Shi nake karantawa yanzu, kuma ina jin daɗinsa, sai dai ina kewar Pellaeon.